Ba cikina ke jin yunwa ba

Wani dare a bara, wajen ƙarfe sha ɗaya, na tsinci kaina tsaye a kicin cikin duhu, ina cin ragowar shinkafa da miya daga cikin tukunya, ko ɗumamawa ban yi ba. Kuma da Magariba na ci tuwo har na ƙoshi. Abin da ya faru shi ne an yarfa ni a wurin aiki a gaban mutane, na haɗiye maganar, na dawo gida da ita. Da na gama da tukunya sai na buɗe robar cincin ɗin da aka ajiye wa baƙi. Da safe yayata ta ɗaga robar ta ce, "Ke dai kwaɗayi ne zai ga bayanki." Na yi dariya, amma a raina na yarda da ita.

Yanzu kam ban yarda ba. Wadda take azumi a zafin Afrilu, awa sha huɗu ko ruwa ba ta kurɓa ba, ba za a ce ba ta iya danne ranta ba. To me ya sa take kasawa a gaban cincin da dare?

Jiki yana da nasa hannun a ciki. Idan damuwa ta daɗe, yana sakin sinadarin kotisol, wanda ke ƙara son zaƙi da maiƙo. Abincin kuma yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta haddace hanyar. Mu ma tun muna yara aka koya mana: yaro na kuka, a miƙa masa alewa. Amma tsakanin ɓacin rai da murfin tukunya akwai wata magana da mutum ke faɗa wa kansa, kuma ita ce ba mu kamawa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa da yake dubawa suna da tunani da ke gifta musu da sauri, su gaskata shi ba tare da sun tsaya sun duba ba. A kan haka ya gina hanyar magani da ake kira CBT: a kama tunanin, a tuhume shi, a sa wanda ya fi gaskiya a gurbinsa.

Na sayi ƙaramin littafi. Duk lokacin da ƙafata ta nufi kicin ba da yunwa ba, sai in rubuta lokaci, da abin da ya faru, da abin da na ce wa kaina. Cikin mako biyu na ga ashe maganganu uku ne ke juya ni. "Na wahala yau, ai na cancanta." "Ba zan iya barci da wannan takaicin ba." Sai babbarsu: "Tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa, gobe na fara sabo."

Wannan ta ukun har gwaji an yi a kanta. A 1975 wasu masu bincike biyu, Peter Herman da Deborah Mack, suka ba ɗalibai kaɗaɗɗiyar madara mai zaƙi, sannan suka ajiye musu askirim su ɗanɗana. Waɗanda ba su damu da rage ci ba suka ci kaɗan, don sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, da suka ga dokarsu ta karye, sai suka ƙara ci. Ni ce sak! Tsinken cincin biyar ba ya ɓata rana, hukuncin da nake yanke wa kaina bayan biyar ɗin shi ke kwashe rabin roba. Da safe kuma in ƙi karyawa don in hora kaina, dare ya yi yunwa ta haɗu da haushi.

Abin da na canza ba wani mai yawa ba ne. Na daina tsallake karin kumallo. Idan "na cancanta" ta zo, sai in tambaye ta: na cancanci me? Sau da yawa amsar hutu ce, ko wanda zai saurare ni. Idan ta ce ba zan iya jurewa ba, sai in ba ta minti goma, in yi alwala ko in fita tsakar gida. Sha'awa tana hawa tana sauka kamar igiyar ruwa, da ban taɓa tsayawa na ga saukarta ba.

Wanda kuma yake cin abinci mai yawa a ɓoye har ya ji ya kasa tsayawa, ko yake tilasta wa kansa amai bayan ci, littafi kaɗai ba zai ishe shi ba. Ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, ya je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Makon jiya aka sake ɓata mini rai. Na shiga kicin, amma na kunna fitila. Na zuba cincin kaɗan a faranti, na zauna na ci, na rufe robar. Sannan na kira yayata na ba ta labarin abin da aka yi mini, muka yi rabin awa tana taya ni faɗa.