"Ƙarni na gaba" ba shekara ɗari ba ne

Malam, Allah ya saka da alheri, amma inda kuka kira 6G, wato tsarin sadarwar wayar salula da zai biyo bayan 5G, "fasahar ƙarni na gaba" akwai gyara. Bahaushe in ya ji ƙarni, shekara ɗari yake kawowa a ransa, sai ya ɗauka jikokinsa ne za su gani. Alhali kamfanoni zubi na gaba suke nufi, wanda zai gaji na hannunmu. Harafin G ɗin nan ma lissafin zubi ne, kusan duk shekara goma ake sabo. An fara 5G a Koriya ta Kudu a 2019, MTN ta kawo shi Najeriya a 2022, 6G kuwa wajen 2030 ake sa ransa.

Kuma lakabin yana tsufa. Kafin Nuwamban 2020 PlayStation 5 ce "mai zuwa", yau yara na buga ta a shagunan gem. Don Allah ku riƙa cewa "sabon zubi mai zuwa", ku faɗi shekarar. 'Yan talla suna manna lakabin "ƙarni na gaba" a kwalayen waya, mai saye a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ya zuba kuɗinsa, ga shi a unguwarsu ko 4G ba ya tsayawa.