Sili Ɗaya Tal

Na daɗe ina isar mutane da zancen hom tiyata, wato kayan sautin da ke mai da falo kamar gidan silima. To kaya sun iso: risiba (akwatin da ke karɓar sauti ya rarraba wa sifiku), sifiku biyar da wufa (sifikar da ke ba da bugu mai kauri), abin da ake kira 5.1. Uwargida ta ce a kira mai haɗawa, na ce haba, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi, mene ne na kiran wani? Na sa reza na feƙe bakin wayoyi, na murɗe, na cusa na ɗaure, baki goma a bayan risiba, goma a jikin sifiku. Wayar HDMI na kai ta ramin talabijin mai rubutun ARC, don shi ke dawo wa risiba da sauti. Da daddare na gwada da labarai, ƙasa-ƙasa, ya yi magana. Gari na wayewa na aika mutane su zo kallo.

Injiniya ban gayyace shi ba, ya ji hayaniya ne ya shigo. Har yau ban san wanda ya laƙaba masa wannan suna ba, don iyakar aikin wuta da aka taɓa shaidarsa da shi canza kwan fitila ne. Doguwar wayata mai soket huɗu da ya ara tun bara tana wurinsa, kullum muka haɗu sai ya riga ni cewa “ai tana nan”, sai ka ce tambayar lafiyarta nake yi. Yana shigowa ko zama bai yi ba, ya ce risiba na son iska, ya kama ta ya jawo waje daga cikin kantar talabijin. Da gaskiyarsa, tana zafi, amma wa ya tambaye shi? Sai kuma ya juyo: “Sifikun nan om nawa ne?” Om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta. Na ce takwas, ita kuma risibar an rubuta a bayanta tana ɗaukar shida zuwa sha shida. Ya gyaɗa kai a hankali, wai shi ga mai ba ni maki.

Aka sa fim. Kiɗa ya tashi zam-zam, na harɗe ƙafa ina satar kallon fuskokin mutane. Jarumi ya buɗe baki a talabijin, sai muryarsa ta fito daga bayan kujera, daidai kunnen Yaya babba. Yaya ya waiwaya ya ce, “Na'am?”

Yawancin maganar fim ta sifikar tsakiya take fita, wadda ke ƙarƙashin talabijin, na baya kuma aikinsu ruwan sama da jiniya da ƙarar jirgi. Labaran da na gwada da su kuwa ta sifiku biyu na gaba kawai suka fita. Wayoyin duk launinsu ɗaya, ba wadda na liƙa wa alama, ta tsakiya da ta baya suka yi musayar gida. Mutum na magana a gaba ana jin sa a ƙeya, ruwan sama kuma na zuba a ƙarƙashin talabijin. Yaya ya sake waiwayawa kafin ya gano, daga nan falo ya ɗauki dariya.

Na ce minti ɗaya. Na durƙusa, kaina a bayan kanta, tocila a baki, bayana yana fuskantar baƙi gaba ɗaya, har da matan abokai. Wanda ya ƙera bayan risiba bai taɓa ganin yatsan babban mutum ba, tsakanin ja da baƙi da ƙyar farce ke shiga. Gumi na shiga ido, wando na zamewa, ba hannun da zan ja shi. Shawara kuwa ta ko'ina. Wannan ya ce in duba takardar bayani, wancan ya ce a koma sautin talabijin kawai, uwargida ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi duk maganarsu zafi. Na sauya wayoyin, na miƙe ina kakkaɓe gwiwa, na ce, “Yanzu za ku ji abu.”

Na danna rimot. Ƙas, ta kunna. Kafin in koma kujera, ƙas, ta mutu. A ɗan allonta aka rubuta PROTECT, jar fitila na ƙyaf-ƙyaf. Na sake dannawa, ta sake mutuwa. Na buga rimot a tafin hannu, ban san dalili ba. Injiniya ya tafa hannu ya ce, “Shi ke nan, ta ƙone. Tun da na shigo nake jin ƙauri.” Ba wani ƙauri wallahi. Amma cikina ya ɗuri ruwa, na tsaya tsakar falo da rimot a hannu ina murmushin da ba na kowa ba.

Sai 'yar yayata, wadda ko sakandare ba ta shiga ba, ta leƙa da fitilar waya ta ce, “Kawu, ga wani gashi nan ya taɓa baƙin.” Silin jan ƙarfe ɗaya tal, ya kufce daga murɗin ya miƙe ya dafa maƙwabcinsa. In ja da baƙi suka haɗe haka, wuta kan kwararo fiye da kima, risiba sai ta kashe kanta don kada kayan cikinta su soye. Ashe ita kaɗai ce mai hankali a falon. Na zare filogi, yarinya ta sa 'yan yatsunta ta murɗe silin ta ɗaure, aka kunna, komai ya zauna daram. Injiniya ya ce, “Abin da nake shirin faɗa ke nan.” Ni dai har yanzu ina zargin jawowar da ya yi ce ta sassauta wayar, ko da yake daga baya na taɓa ta.

Har fim ya ƙare yana yabon wufa. Ya ce yana jin bugunta a ƙirjinsa, ya ce irin wannan sai wanda ya san sauti, har ya ba ni shawarar in rage ta kaɗan saboda maƙwabta, alhali shi ne maƙwabcin. Bayan an watse uwargida na shara ta ɗago wani filogi a ƙasa ta ce, “Wannan fa na mene ne?” Na wufa ne. Tana da amfilifaya tata a ciki, wato abin ƙara ƙarfin sauti, ban da wayar da ke zuwa daga risiba sai an ba ta wuta daban. Ko sau ɗaya ba ta yi tari ba a daren nan.

Soket ɗin bangon kuma ya cika, sai da doguwar waya. Na tura yaro gidansa, aka ce ya fita. Na sayo waɗannan kawunan wayar da ake turawa kai tsaye ba sai an murɗa ba, suna nan cikin ledarsu, sai na samu lokaci.