Rigakafin Ƙarambau: Ina Ainihin Gardamar Take?

Duk inda aka tayar da zancen allurar rigakafin ƙarambau, abin da ake fara ji shi ne: ai duk mun yi ƙarambau muna yara, ga mu nan da ranmu. Maganar ba ƙarya ba ce. Ga yawancin yara, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki da ƙuraje masu ruwa da ke hana barci saboda ƙaiƙayi, sai su bushe su yi ɓawo, a wuce wurin. Sai dai masu faɗin haka waɗanda suka warke ne. Waɗanda cutar ta tafi da su ba su da bakin magana.

Kafin Amurka ta amince da allurar a 1995, kusan mutum miliyan 4 ke kamuwa a kowace shekara a ƙasar, a kwantar da fiye da 10,000 a asibiti, tsakanin 100 zuwa 150 kuma su rasu. Da yawansu lafiyarsu ƙalau kafin su kamu. Yaro ne zai sosa ƙurji da farce, ƙwayar cuta ta shiga ta inda fatar ta buɗe, ta bi jini. Wani huhu cutar ke taɓawa, wani ƙwaƙwalwa. Idan ta kama babba ta fi tsanani, idan kuma mai ciki ce, tana iya nakasa ɗan da ke cikin. Bayan shigowar allurar, da ƙara ta biyu a 2006, masu kamuwa a Amurka sun ragu da fiye da kashi 97 cikin ɗari.

Duk da haka ban yarda a kira duk mai shakka jahili ba, domin Birtaniya ma ta daɗe tana shakka, kuma likitocinta suna da hujja. Ƙwayar ƙarambau ba ta barin jiki bayan an warke. Takan laɓe a jijiyoyi, bayan shekaru ta farka ta zama ciwon da likitoci ke kira zosta: ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, waɗanda zafinsu kan ɗauki watanni a jikin tsofaffi. Tun 1965 wani likitan Ingila, Edgar Hope-Simpson, ya kawo ra'ayin cewa cuɗanyar manya da yara masu ƙarambau tana sabunta musu garkuwar jiki. Idan haka ne, hana yara kamuwa zai iya ƙara wa iyaye da kakanni zosta. Da wannan fargaba kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan rigakafi ya ƙi allurar a 2009.

Abin da ya burge ni shi ne yadda aka warware gardamar. Jira aka yi a ga abin da ya faru a ƙasashen da suka riga suka fara. Zosta ta ƙaru a tsakanin manya a Amurka, amma ƙaruwar ta soma tun kafin allurar, kuma ba ta ƙara sauri bayanta ba. Yaran da aka yi wa allurar kuwa, zosta ta fi ƙaranci a cikinsu nesa ba kusa ba. A Nuwamban 2023 kwamitin nan ya sauya matsayi, ya ba da shawarar a yi wa yara.

Illolin allurar fa? Akwai su, kuma ɓoye su ne ke haifar da jita-jita. Ƙwayar cutar ce da aka raunana, wadda Michiaki Takahashi ya samar a Japan a 1974, saboda haka ba a yi wa mai ciki ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar yaron da ke shan maganin ciwon daji. Wurin allurar kan yi ciwo, wasu su yi ɗan zazzaɓi ko 'yan ƙuraje. Idan aka haɗa ta cikin sirinji ɗaya da ta ƙyanda a karon farko, ana samun ƙarin yaro ɗaya cikin kusan 2,500 da zazzaɓi ke sa shi jijjiga. Uwar da ta ga ɗanta a wannan hali ba za ta manta ba, ko da yake irin wannan jijjiga kan wuce ba tare da lahani mai ɗorewa ba. A gaya wa iyaye wannan tun kafin a soka allura. Wanda ya auna shi da abin da cutar ke yi, zai ga inda ma'auni ya rinjaya. Shi ya sa na kasa gane gwamnan jihar Kentucky ta Amurka na lokacin, Matt Bevin, da ya faɗa a 2019 cewa da gangan ya kai 'ya'yansa tara gidan maƙwabci don su kamu.

A ganina, tambayar da ta rage da nauyi ta gwamnatoci ce. A matsayar da ta fitar a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar da za ta fara wannan shiri ta tabbatar za ta iya kai wa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na yara, kuma ta ɗore a kan haka. Dalilin a fili yake. Idan aka yi wa rabin yara kawai, cutar za ta ragu amma ba za ta ɓace ba. Sauran rabin za su tsallake ta a yarinta, su gamu da ita suna samari da 'yan mata, ko suna ɗauke da ciki, lokacin da ta fi haɗari. Inda aka bar allurar a hannun asibitocin kuɗi, mai hali ya saya wa ɗansa, marar hali ya sa ido, can ne wannan haɗari ya fi kusa. Ƙasar da har yanzu ba ta gama da ƙyanda ba tana da uzurin jinkirta wannan allura, amma ba ta da uzurin fara ta sannan kuɗi su ƙare a shekara ta uku.