Shekara 15 ana fafatawa, lada maki uku

Duk mai bibiyar masu tseren gama wasan bidiyo, abin da 'yan harkar ke kira speedrun, ya san GoldenEye 007, wasan na'urar Nintendo 64 da ya fito a 1997. Har gobe akwai masu kwana a kansa, kuma teburin da ake jera matsayinsu yana shafin intanet na The Elite. Yadda suke raba maki ne bai kwanta mini a rai ba.

Wasan yana da matakai 20, kowanne da wahala kala uku, wato Agent da Secret Agent da 00 Agent. Tsere 60 ke nan. A kowane tsere na ɗaya yana samun maki 100, na biyu 97, na uku 95, daga nan a riƙa rage ɗai-ɗai har maki ya ƙare. Da gani kamar babu laifi.

To amma agogon wasan ba ya nuna abin da bai cika daƙiƙa ba, shi ya sa kunnen doki ya yi yawa. Ku duba matakin farko, Dam, a kan Agent. Bryan Bosshardt ya gama shi a daƙiƙa 53 tun 2002. Shekaru suka yi ta tafiya, mutum sama da 100 suka zo suka yi 53 ɗin, kowa ya kwashi 100 cif. Wanda kuwa ya yi 54, daƙiƙa guda tal a bayansu, an turo shi can ƙasa inda babu ko maki ɗaya. Shi kuma wani ya lallaɓa dogon mataki mai wahala da mutane ba su cika damuwa da shi ba, ya yi wasa na tsaka-tsaki, ya tashi da maki masu kauri. Wannan lissafi cunkoson jama'a yake aunawa, gwaninta ta zo daga baya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na Disamban 2017, lokacin da Karl Jobst ɗan Ostareliya ya yi 52. Abin da ya gagari kowa shekara 15 fa! Me ya raba shi da taron da ya bari a baya? Maki uku. Shi 100, su 97. Haba jama'a.

Za a ce ai suna da teburi na biyu, mai haɗa jimillar lokaci. Gaskiya ne, sai dai can dogayen matakai ne ke cin kasuwa, daƙiƙar da aka sha wuya kafin a cire ta a Dam sai ta nitse ba a ganta ba.

Ni a ganina a daina kallon lambar matsayi, a koma kallon kason mutanen da ka wuce cikin waɗanda suka gwada matakin. Masu kunnen doki a raba musu matsakaicin makin kujerun da suka cike, kada kowa ya ɗauki na saman. Mai riƙe da tarihi shi kaɗai kuma a yi masa ƙari gwargwadon yawan waɗanda ya tsallake. Na san tsofaffin hannu za su ce an rage musu maki da rana tsaka. E, za a rage, domin mutum 100 ba za su zama na ɗaya a lokaci guda ba.