Wai sai abin da ke takarda ne ilimi?

Na karanta abin da wani malamin jami'a ya faɗa, wai labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu tatsuniya ce tunda ba takardar zamanin da ta tabbatar. To malam, da girmanka, ban yarda a tsaya nan ba gaskiya. Matsalarmu kenan, ɗan boko in bai ga abu da turanci ba ko kallonsa ba ya yi, shi kuma na zaure in ba malaminsa ne ya biya masa ba ya ce ƙarya ne, tsoffin fada da maroƙa da suka riƙe sunayen sarauniyoyin Daura tun daga Kufuru har Daurama kuwa ba mai zuwa da rikoda ya zauna da su, suna ta mutuwa da abin a ka.

Ku duba Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, ai labarin baka ne ya ce sarakuna ne kwance a tuddan da ke wurin, da aka tona a 1992 sai ga zinariya da tagulla da hauren giwa. Da an raina maganar tsoffi wa zai san inda zai sa shebur?

Ga Muhammad al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimi, mu muka bar shi a wajen masu tsibbu, turawa kuma suna karanta shi a matsayin lissafi. Wallahi abin na min ciwo. Don Allah jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta tura ɗalibai fadar Daura da zaurukan cikin birni tun masu sanin suna raye.