Yaron da ake kira daƙiƙi yana buƙatar malamin da aka horar

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a firamaren gwamnati a Zariya, ko a Tudun Wada ne ko Samaru ko cikin birni, ya san yaron nan. Ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Amma aike shi kasuwa ka ga ko canji zai ɓace masa, ko ka ba shi labari da baki ka ji yadda zai maido maka shi tiryan-tiryan. A gida a ce wasa ne ya yi masa yawa, wasu su ce shafar aljanu ce, a makaranta kuma a ce kansa ba ya ja, a bi shi da bulala. Sau da yawa abin da ke damunsa larura ce da masana ke kira disleksiya, wato ƙwaƙwalwa na shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa, alhali basirar yaron lafiya lau take. Wani kuma lissafi ne ke gagararsa, wani natsuwa ce ba ya iya yi.

Ra'ayina shi ne, in dai ba malamin aji ne ya gano wannan yaron ba, babu mai gano shi. Ana yaye ƙwararru a fannin ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos, da Bayero ta Kano, da kwalejin tarayya da ke Oyo, amma ina za su ishi makarantunmu? Kuma babu uban da zai ɗauki ɗansa zuwa asibitin koyarwa na Shika don kawai ya kasa karatu, tunda ba zazzaɓi yake yi ba.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ga kowane yaro. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya. To amma hankali ya fi karkata ga larurar da ido ke gani. Wanda tasa ke ɓoye, sai dai ya yi ta maimaita aji har ya gudu.

Abin da malami zai koya bai fi ƙarfinsa ba. Da farko ya san yadda zai kawar da sauran dalilai: yaron yana ganin allo sosai? Yana ji? Ya karya kumallo? Talla ko aikin gona na sa shi fashi? Ko kuwa Turancin da ake koyar da shi da shi ne bai fahimta? Idan duk ba su ba ne, sai ya zauna da shi na ƴan mintoci, ya sa shi ya faɗi sautin haruffa, ya karanta gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sannan kalmomin da bai taɓa gani ba, don kada hadda ta rufe matsalar. A nan Hausa ta yi mana gata, domin a rubutun boko harafi da sautinsa kusan kullum tare suke tafiya, ba kamar Turanci ba. Matsalar tana iya fitowa fili da wuri idan da harshen gida aka fara.

Horon kuma shi ne zai hana malami gaggawar yanke hukunci. Ɗan aji ɗaya da ke rikita b da d, ga kuma ɓ da ɗ, ba abin tashin hankali ba ne, balle ma yaron da ke rubutun allo daga dama zuwa hagu da yamma, da safe kuma boko daga hagu zuwa dama. Sai abin ya daɗe bai gyaru ba duk da koyarwa mai kyau, sannan a sa ido. Malami ba likita ba ne. Nasa shi ne ya lura, ya rubuta, ya taimaka, ya kuma san lokacin da zai tura yaro gaba.

Taimakon ma ba tsada ne da shi ba. A dawo da yaron bencin gaba. A bar shi ya zana harafi da yatsa a ƙasa yana furta sautinsa, ya yi ƙirga da murafun kwalba. A ƙara masa lokaci a jarrabawa, wasu tambayoyin a yi masa da baki. A daina tsayar da shi gaban aji ya karanta ƴan'uwansa na yi masa dariya, domin wannan kunyar ta fi bulala korar yara daga makaranta.

Na san za a ce malamin da aka cika wa aji maƙil, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da wanne zai ji? Maganar gaskiya ce, kuma dole a rage cunkoso. Amma yaran nan suna cikin ajin tun yanzu, ba za su jira a gina sababbin azuzuwa ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi. Hukumar da ta iya isa ga kowane malami don ta gwada shi, za ta iya isa gare shi don ta koya masa.

Zariya ce ya kamata ta fara. Ga tsangayar ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar horar da malamai ta tarayya a Gyallesu, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa nan kusa a Kaduna. Ba taron kwana uku a otal nake nufi ba, inda za a raba alawus a watse. A wajabta wa kowane ɗalibi mai zuwa gwajin koyarwa ya zaɓi yara biyu da karatu ke ba su wuya, ya bibiye su har ƙarshen zangon, ya rubuta abin da ya gwada da abin da ya canza, a ba shi maki a kai. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma ta ware malami ɗaya a kowace makaranta a ba shi horo mai zurfi, sauran su riƙa komawa wurinsa. A cikin horon a sa har da yadda za a zauna da mahaifin yaro a yi masa bayani da lafazi mai daɗi, don kada ya ji kamar an ce ɗansa ba shi da hankali, ya cire shi daga makaranta.