Zaɓe a lokacin annoba: cunkoso ake ragewa, ba rumfuna ba

A watan Afrilun 2020 an yi zaɓuka biyu da kwana takwas kacal suka raba, kuma duk hukumar zaɓen da ke son shirya wa annoba ta gaba ya kamata ta ajiye su a gabanta. Ranar 7 ga wata, birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a Amurka, wanda ya saba buɗe rumfunan zaɓe kusan 180, ya buɗe biyar kawai, saboda yawancin ma'aikatan zaɓensa dattawa ne da suka ji tsoron korona suka zauna a gida. Mutane suka shafe sa'o'i a layi. Ranar 15 ga wata kuwa, Koriya ta Kudu ta yi zaɓen majalisar dokoki, kashi 66 cikin 100 na masu rajista suka fito, adadin da ba a ga irinsa ba a zaɓen majalisa tun 1992, kuma bayan mako biyu hukumomin lafiyar ƙasar suka ce ba su gano wanda ya kamu da cutar a wurin zaɓe ba.

Cutar ɗaya ce, lokacin ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne Koriya ta warwatsa masu zaɓe a wurare da ranaku, Milwaukee kuwa ta tara su wuri guda. Haɗarin zaɓe a lokacin cutar da ke yaɗuwa ta numfashi yana cikin tsawon lokacin da mutane ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, musamman a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Duk matakin da ya tsawaita layi, ko da sunan kariya aka ɗauke shi, ya ƙara haɗari ne.

Lissafin ba shi da wuya, amma sau da yawa ba a yin sa. Ɗauki rumfar da ke buɗe sa'a goma, wato minti 600. Idan tantance mutum ɗaya a teburin farko yana cin minti ɗaya, mutum 600 za su wuce. Ƙara masa daƙiƙa 30 na auna zafin jiki, da shafa man tsaftace hannu, da sauke takunkumi a ga fuska, da goge na'ura, sai adadin ya faɗo zuwa 400. Sauran 200 suna nan a waje, layin da aka buɗa masa tazarar mita ɗaya ko biyu ya miƙe har titi, kuma da rana ta take kai tazarar za ta rushe. Mafita uku ce: a ƙara rumfuna, a ƙara sa'o'i, ko a ƙara ranaku. Indiya ta bi ta farko a zaɓen jihar Bihar a ƙarshen 2020, inda ta rage iyakar masu zaɓe a kowace rumfa daga 1,500 zuwa 1,000. Koriya ta dogara da ta uku: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista sun kaɗa ƙuri'a a ranakun 10 da 11 ga Afrilu, kafin babbar ranar.

Ƙara rumfa na nufin ƙara ma'aikata, akwatuna, na'urori da jami'an tsaro, kuma a nan ne kasafi ke cijewa. Amma darasin Milwaukee shi ne ma'aikata ne farkon abin da ke karyewa. Hukumar da ke da hankali tana horar da ƙarin mutane na ko-ta-kwana, matasa masu ƙoshin lafiya, tun kafin a buƙace su, ta yadda in shugaban rumfa ya wayi gari da zazzaɓi akwai mai maye gurbinsa kafin lokacin buɗewa.

A cikin rumfar kanta, jerin matakai yana da muhimmanci fiye da yawan kayan da aka saya. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, don kada mai shigowa ya yi karo da mai fita. In da hali a yi a fili ko ƙarƙashin rumfa buɗaɗɗiya; in ɗaki ne, tagogi duka a buɗe. Man tsaftace hannu, wanda sai sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100 yake aiki, a bakin ƙofa ake shafa shi, kuma a bar shi ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen yatsa na'urar tantancewa ba ta karanta shi, kuma takardar ƙuri'ar da ta sha danshi tana maƙalewa a na'urar ƙidaya, ko tawadar dangwale ta bazu ta taɓa gurbin wata jam'iyya, ƙuri'ar ta lalace. Tawadar da ake sa wa a farce don hana zaɓe sau biyu ita ma sai ta bushe ta kama fata, don haka wanda ya shafa mai nan take bayan an sa masa ita yana iya rage mata ƙarfi. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke haifar da ƙorafin maguɗi da yamma.

Sai a san wace cuta ake fuskanta. Ebola ta hanyar taɓa jini da sauran ruwan jikin majinyaci take yaɗuwa, don haka wanke hannu da ruwan kulorin da hana gaisawa da hannu su ne kan gaba. Korona iska take bi, don haka takunkumi da iska mai ratsawa sun fi feshin teburi amfani nesa ba kusa ba. Kwafo tsarin wata annoba a liƙa wa wata ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ya fi damuna shi ne mai zaɓen da ke kwance ko aka killace. Rashin lafiya ba ya soke 'yancin ɗan ƙasa. A Koriya, wanda zafin jikinsa ya haura 37.5 ba a kore shi ba, an kai shi wata rumfa ta daban ya kaɗa ƙuri'arsa. Waɗanda ke killace a gida an ba su damar fitowa bayan an rufe wa sauran jama'a da ƙarfe shida na yamma, majinyata kuma suka yi zaɓe ta gidan waya ko a rumfuna na musamman a cibiyoyin jinya. Na'urar auna zafi a hannun jami'in da ba a faɗa masa abin da zai yi da mai zazzaɓi ba, makami ce ta hana mutane zaɓe, kuma a yankin 'yan adawa ba za a rasa mai amfani da ita haka ba.

Wasu za su ce ai sai a koma zaɓe ta gidan waya gaba ɗaya. Inda akwai adireshi tabbatacce da gidan waya mai aiki da tsohuwar al'adar yin haka, yana yiwuwa: jihar Bavaria ta Jamus ta yi zagaye na biyu na zaɓen ƙananan hukumominta haka a ƙarshen Maris 2020. Amma Poland ta yi yunƙurin mayar da zaɓen shugaban ƙasa na 10 ga Mayun 2020 na gidan waya zalla cikin 'yan makonni, ba tare da amincewar 'yan adawa ba, ranar ta zo ta wuce ba a yi zaɓe ba, sai a ƙarshen Yuni aka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Buga ambulan, tabbatar da sa hannu, da ranar ƙarshe ta karɓar ƙuri'a duk sai doka ta fayyace su tun da wuri.

Ɗage zaɓe ma ba haramun ba ne. New Zealand ta matsar da nata daga 19 ga Satumba zuwa 17 ga Oktoban 2020, bayan tuntuɓar jam'iyyu, da sabuwar rana tsayayya, cikin wa'adin da doka ta yarda, kuma babu wanda ya yi zargin an ci amanarsa. Habasha ta ɗage na Agustan 2020 aka tsawaita wa'adin gwamnati, yankin Tigray ya ƙi yarda ya yi nasa zaɓen a Satumba, a Nuwamba yaƙi ya ɓarke. Rikicin yana da tsofaffin saiwoyi, amma ɗagewar da ba a yi yarjejeniya a kanta ba ta ƙara masa wuta. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuwa, an cire Beni da Butembo daga zaɓen shugaban ƙasa na Disamban 2018 da hujjar Ebola, alhali yankuna ne da 'yan adawa ke da ƙarfi. Mutanen can ba su taɓa samun damar zaɓar shugaban wannan zangon ba.

Akwai kuma ɓangaren da hukumomi ke kau da kai daga gare shi saboda 'yan siyasa ne abin ya shafa: gangamin yaƙin neman zaɓe. Rumfa tana riƙe mutum minti kaɗan. Gangami yana haɗa dubbai suna ihu na sa'o'i. Bayan zaɓen jihar Sabah ta Malesiya a Satumban 2020 cutar korona ta yi tashin gwauron zabi, har firaministan ƙasar ya amsa cewa zaɓen na cikin dalilai. Dokar taƙaita taro dole ta hau kan jam'iyya mai mulki kamar yadda ta hau kan 'yan adawa, a kuma raba musu lokacin rediyo da talabijin daidai don cike gurbin.

A wajen ƙidaya, tazara ba hujja ba ce ta nesanta wakilan jam'iyyu da masu sa ido daga teburi. A ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, a faɗi sakamakon da ƙarfi, wakilai su sa hannu, a liƙa kwafi a bango. Waɗannan tanade-tanade, da sharuɗɗan ɗage zaɓe, da iyakar kwanakinsa, da wanda ke da ikon yanke shawarar, majalisu ne ya kamata su rubuta su cikin dokar zaɓe yanzu, a lokacin da babu jam'iyyar da ta san ko ita ce za ta kasance kan mulki ranar da za a buƙace su.